Babi na Shida: Kundin Waƙar Fiyano, Ƙarfinsa da Rauninsa

Kundin waƙar fiyano tarin waƙoƙi ne, goma ko abin da ya yi kusa da haka, waɗanda mawaƙi ɗaya ya tsara baitocinsu, ya rera su da bakinsa, aka ɗora su a kan kiɗan da aka haɗa da fiyano da kwamfuta a sitidiyo, sannan aka fitar da su gaba ɗaya da suna guda. Babu kalangu na gaske a cikinsa, babu kotso, babu 'yan amshi a tsaye bayan ubangidansu. Duk abin da kunne ya ji kamar ganga ko sarewa, daga cikin na'ura ya fito. A Turai irin wannan kiɗa ya yi tashe a farkon shekarun 1980, lokacin da ƙungiyoyi irin su Depeche Mode da The Human League na Ingila suka rungumi na'urar haɗa sauti, bayan Kraftwerk ta Jamus ta share musu hanya. A ƙasar Hausa ta ƙofar fim ya shigo, kuma yau shi ne ya cika kunne tun daga birnin Kano har kasuwannin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

An taɓa gwada abin a Jamhuriyar Nijar tun da wuri. Mamman Sani Abdoulaye ya naɗi kiɗan organ ɗinsa na lantarki a Yamai a 1978, kuma an daɗe ana sa shi a rediyo da talabijin na ƙasar a tsakanin shirye-shirye. Sai dai nasa kiɗa ne zalla. Waƙar fiyano ta yau 'yar finafinan bidiyo ce, waɗanda suka soma da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Masu shirya su sun tashi da kallon finafinan Indiya, suna son saurayi da budurwa su yi wa juna waƙa a tsakiyar labari, amma ba su da kuɗin tara makaɗa. Ƙaramin fiyanon Casio ne ya fara toshe gurbin, daga bisani sitidiyon Iyan-Tama ya kawo Yamaha samfurin PSR, mai ɗauke da sautuka masu kama da sarewa da ganga. Da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, waƙoƙinsa suka bazu har kaset na waƙar fim ya zama haja mai cin gashin kanta a kasuwar Ƙofar Wambai.

A wancan zamani mawaƙi ɗan kwangila ne. Furodusa ya ba shi labari, shi ya rubuta ya rera, jarumi ya motsa baki a gaban kyamara, suna ya tafi ga jarumi. Muryoyin Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙasim da Sadi Sidi Sharifai sun shiga gidaje da yawa da ba a san fuskokinsu ba. Abubuwa biyu suka taimaka wajen sauya wannan. Na farko rikicin da ya auku a harkar fim a 2007, lokacin da aka dakatar da shirya fim a Kano, Hukumar Tace Finafinai ta tsananta a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa Bahaushiya, aka kuma kama Aminu Ala a 2009. Mawaƙa da yawa suka ga cewa dogaro da fim kaɗai ba ya fisshe su. Na biyu wayar salula mai memori da manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio, waɗanda suka sa naɗar waƙa da yaɗa ta suka yi araha. Daga nan aka samu sahun Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Ali Jita da Nazifi Asnanic, waɗanda ake neman waƙa da sunansu.

Kundayen Nura M. Inuwa sun fi dacewa da awo, saboda dalili mai sauƙi: ba a cika ganinsa yana rawa a bidiyo ko yana fitowa a fim ba, don haka aikinsa a kunne kaɗai yake tsayawa ko ya faɗi. Shekaru da dama masu saurare sun saba jiran sabon kundinsa a farkon shekara, wani lokaci ma biyu a tare. Sunayen kundayen, irin su Soyayya Ce, Afra, Ranar Aurena, Wasiƙa, Manyan Mata, Ango da Mai Zamani, sun isa su nuna inda jigonsu ya karkata. Abin da za a faɗa a kansu, na yabo da na suka, ya shafi mafi yawan kundayen sa'o'insa.

Inda ƙarfin yake

Bahaushe magana yake fara saurare a waƙa, kiɗa ya biyo baya. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe jama'a shekaru masu yawa, kuma ba a taɓa cewa kiɗansa ya yi kaɗan ba, domin abin da ke bakinsa ya wadatar. Kundin fiyano ya gaji wannan kunne, kuma a nan babban ƙarfinsa yake. Mawaƙin fiyano yana ɗiba daga rijiya biyu. Daga waƙar baka ya ɗauko amshi, kirari, habaici da karin magana. Daga rubutacciyar waƙa, ta su Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja, Aƙilu Aliyu da Aliyu Namangi, ya ɗauko baiti mai ɗango ƙididdigagge, amsa-amo a ƙarshen layi, da buɗewa da sunan Allah da salati. Mafi yawan waɗannan mawaƙa sun zauna a islamiyya, sun rera ƙasidu tun suna yara, kuma ana jin haka a yadda suke auna gaɓa. Aminu Ala shi ne ya fi fito da wannan gado fili, amma ko a waƙar soyayya ta Nura ana ganin hannun marubuci: ba a fage aka ƙirƙiri baitin ba, an zauna an rubuta, an goge, an sake.

Amfanin rubutun shi ne waƙa takan yi tafiya. Tana farawa da hali guda, ta bi ta kan dalili, ta kai ga wani matsayi. Tsarin da aka fi yi shi ne na muhawara tsakanin muryar namiji da ta mace: ya yi ƙorafi ta ba shi amsa, ta yi zargi ya kare kansa, iyaye su shigo cikin zancen, a ambaci talauci ko kishiya ko alƙawarin da aka saɓa. A cikin minti biyar an ba da labarin da marubucin littafin soyayya zai cika babi da shi. Idan abin ya yi kyau, mai saurare na iya maimaita labarin ga wani ba tare da ya rera ko layi ɗaya ba.

Akwai kuma aikin da waɗannan baitoci ke yi a rayuwar matasa, wanda masu sukar waƙar fiyano ba su cika lura da shi ba. A al'adar da kunya ta hana saurayi furta wasu kalmomi a zaure, ta kuma hana budurwa amsa su, waƙa ta zama aron baki. Ana tura ta a waya, ana sa ta a matsayin sautin kira, ana ciro layi a saka a saƙo. Mawaƙin da ya iya faɗin so da Hausa mai tsabta, wadda za a ji a gaban uwa ba a sunkuyar da kai ba, ya yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Dokar tace waƙa da Kano ke da ita tana da hannu a wannan tsabta, ko da yake ita ce kuma ke sa mawaƙi taka-tsantsan idan ya zo taɓa masu mulki.

Ƙarfi na biyu na 'yanci ne. A da kiɗa gado ne, kuma kowane makaɗi yana da wanda yake yi wa: Narambaɗa yana fadar Sarkin Gobir na Isa, Ɗan Anace yana tare da 'yan dambe, akwai makaɗan noma, na mahauta, na maharba. Waƙar so tana nan, a dandalin 'yan mata da a gurmin Haruna Uji, amma ba ita ce babbar hanya ba. Fiyano ya ba yaron da babu makaɗi a zuriyarsu damar ɗaukar littafin rubutunsa ya shiga wani ɗaki a titin Gidan Zoo, ya biya kuɗin sitidiyo, ya fito da waƙa. Kundi kuwa shi ne fagen da ba wanda ya yi odarsa. Waƙar biki ango ne ya biya, waƙar siyasa ɗan takara ne ya biya, amma a kundi mawaƙi ke zaɓen abin da zai ce. Shi ya sa a nan ake samun waƙoƙin nasiha, na mutuwa, na maraici da na halin zamani, waɗanda babu mai ɗaukar nauyinsu.

Ya kamata a yaba wa masu haɗa sauti a kan abu ɗaya: suna sa murya a gaba, kiɗa a baya. Wanda ya saba da kiɗan Legas zai ce sautin ya yi siriri, amma a ƙaramar sifikar waya ko rediyon mai shayi kowace kalma tana fita.

Inda raunin yake

Rauni mafi girma a ganga yake. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata yana saki, fata ta ɗaure ko ta sassauta, sauti ya hau ko ya sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka. A wasan Mamman Shata makaɗa suna amsa masa: idan ya ja baiti su jira, idan ya yi zambo su jaddada, idan fage ya yi zafi su ƙara sauri. Abin da ke cikin fiyano hoton bugu ɗaya ne da aka naɗa aka ajiye. Makaɗin sitidiyo yakan tsara ɗan gajeren zagaye, ya umarci kwamfuta ta maimaita shi daga farkon waƙa zuwa ƙarshe. Ganga ba ta san abin da mawaƙi ke cewa ba. Baitin kuka da baitin murna a kan bugu ɗaya suke tafiya, da sauri ɗaya. A waƙa guda ba a damuwa, domin magana ta ɗauke hankali. A kundi kuwa, kafin a kai waƙa ta shida kunne ya gane cewa ƙasan duk iri ɗaya ne.

Abin ya wuce kundi ɗaya. Sitidiyoyin suna amfani da fiyano iri ɗaya da manhaja iri ɗaya, kuma makaɗi guda yakan yi wa mawaƙa da yawa aiki. Sarewar nan mai zaƙi da ke buɗe waƙa, da gogen roba mai kwaikwayon na finafinan Indiya, ana jin su a wajen kowa. Sau da yawa sai murya ta shigo ake sanin waƙar wane ce. Wannan ba laifin na'ura ba ne kaɗai; William Onyeabor a Inugu ya yi aiki da na'urorin haɗa sauti tun ƙarshen shekarun 1970, kuma da jin kiɗansa an san nasa ne. Matsalar ita ce mawaƙin Hausa yakan ɗauki kansa marubuci, ya bar kiɗa a hannun wanda ake biya a kan kowace waƙa, wanda ribarsa tana cikin gamawa da wuri.

Na biyu shi ne karo tsakanin kari da harshe. Hausa tana da karin sauti, tana kuma bambanta dogon wasali da gajere, kuma sauya ɗayansu kan sauya ma'ana. Idan daga magana aka ciro karin waƙa, kalmomi sukan zauna daram. Idan kuwa an riga an yi kari, ko an aro shi daga wani fim na Indiya, sai a tilasta wa kalma ta shiga ramin da ba nata ba: a ja gajeren wasali, a ɗaga inda ake saukewa. Fitattun waƙoƙin Nura sun tsira daga wannan, kuma yana cikin dalilan da suka sa ake haddace su da sauƙi. Amma a waƙoƙin cike gurbi, waɗanda kusan kowane kundi ke da su, ana jin Hausar tana ɗingishi. Haka nan neman amsa-amo kan sa a jawo kalmar Larabci ko wata tsohuwar kalma da ba ta da aiki a baitin sai don ƙarshenta ya dace.

Sai maganar gyaran murya. Manhajar Auto-Tune ta fito a 1997 daga hannun Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin nazarin sauti a harkar neman man fetur, kuma duniya ta san ta ne da waƙar Believe ta Cher a 1998. An yi ta don a ɓoye ɗan kuskuren murya, sitidiyoyin Kano suka murɗa ta har ƙarshe, ta zama ado. Adalci shi ne a ce adon ya yi kasuwa, har a waje. Mdou Moctar, makaɗin jita na Abzinawan Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin wannan murya, kuma kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a 2013. Duk da haka akwai hasara. Rawar murya da ɗan dusashewarta su ne ke sa a yarda mai waƙar rabuwa yana cikin ciwo, manhajar kuwa aikinta share su. Mata abin ya fi shafa. Ana ɗaga muryarsu ta yi siriri irin ta Lata Mangeshkar, har ya zama da wuya a bambanta wannan da waccan, alhali Fati Nijar da Maryam A. Baba, misali, kowace da irin muryarta. A kan wannan kuma sau da yawa ba a rubuta sunan mawaƙiyar a jikin kundi, duk da cewa rabin muhawarar ita ta yi.

Jigo ma ya ƙuntata. Zuciya, ruhi, hawaye, bege, numfashi: kalmomin nan sun sha aiki har sun gaji. Fitar da kundi biyu a lokaci guda yana nuna ƙwazo, amma waƙa ashirin masu kyau a shekara ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma da an tace an bar goma da kundin ya fi nauyi. Wasu waƙoƙin sukan yi tsawo ba don labari ya buƙata ba, sai don ana ta dawo da amshi. Akwai kuma ɗabi'ar tsayawa a tsakiyar waƙar so a jero sunayen masu sitidiyo da abokan arziki, wadda gado ce daga roƙo, amma tana yanke zaren labari.

Wani giɓin ba a ganinsa sosai sai an fita daga birni. Masu sauraren nan a kudancin Kano manoman masara ne da shinkafa da rake, da masuntan madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, da makiyayan gefen dajin Falgore, da masu haƙar ma'adinai a Riruwai. Tsohon kiɗa yana da waƙa ga kowace sana'a, manomi yana jin sunan gonarsa a bakin makaɗi ranar gayya. Kundin fiyano ba ya cika waiwayar waɗannan mutane ta fuskar aikinsu. Yana yi musu magana a matsayin masoya kawai.

Yadda ake jin sa, da abin da hakan ya jawo

Kundi a ƙa'ida abu ne mai farko da ƙarshe, wanda aka jera waƙoƙinsa da niyya. Amma ba haka yake isa ga mafi yawan masu saurare ba. A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Falgore zuwa Saminaka da Jos ta rabu da titin Kano zuwa Zariya, da sauran kasuwannin yankin, waƙa tana hannun masu cajin waya da masu turi. Mutum ya miƙa memori, ya biya ɗan abin da aka yanka, a zuba masa waƙoƙi. Jerin da mawaƙi ya yi ya wargaje, bangon kundi ba a gan shi ba, sabuwa ta gauraya da tsohuwa, wani lokaci ma a liƙa wa waƙa sunan wanda ba shi ya yi ta ba. Wadda ta yi daɗi ta wuce wajen masu kiɗan biki da 'yan acaɓa, sauran a goge su don a samu fili.

Wannan ya rufa wa raunin kundi asiri, ya kuma hana a gyara shi. Wanda bai taɓa jin waƙoƙin goma a jere ba ba zai gaji da maimaicin ganga ba, kuma mawaƙin da ya san haka ba shi da dalilin ɓata wata guda a kan jeri da bambanta kiɗa. Ga shi kuɗin turi ba ya isa gare shi. Tun da kasuwar faifai ta mutu, abin da ke shigowa daga YouTube, Audiomack da Boomplay ne, sai kuma waƙar biki da ta siyasa, waɗanda su ne masu tsoka. Lokacin zaɓe, motocin kamfen a mazaɓar Kiru da Bebeji da ta Tudun Wada da Doguwa da wannan fiyanon suke yawo, salon da Dauda Kahutu Rarara ya fi kowa suna a kansa. Kundi ya koma kamar tallar da mai tuwo ke yi da ƙamshin miya: shi ke jawo mai biki da ɗan takara, ba shi ake ci ba.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara tura kasuwa wajen waƙa ɗaya tilo. Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye ko'ina a 2020, lokacin kullen korona, ta hanyar gajerun bidiyon da mata ke yi a gida. Warr da Chass na Ado Gwanja sun yi haka a TikTok a 2022. Misalin Gwanja yana da darasi ga masu kundi ta fuskar kiɗa, ko da an bar cece-kucen da baitocinsa suka jawo: ya koma ga bugun amada da kiɗan ƙwarya na mata, irin wanda Barmani Choge ta shahara da shi, kuma da jin bugun an san ba na kowa ba ne. Wasu sitidiyoyin ma sun fara kiran mai kalangu ko mai gurmi ya buga da hannunsa a ɗora a kan fiyano, kuma duk inda aka yi haka waƙar takan fi rai. Abin da ke hana yawaita shi kuɗi ne: makaɗi na gaske sai an biya shi, an kuma ƙara lokacin sitidiyo, alhali mai saurare a Kiru ko Doguwa mai turi yake biya.